Wa Ke Riƙe da Jirgi Idan Ya Bar Tasha?

Kalmar kwandasta ta iso Hausa a ƙasƙance. A tashar mota, kwandasta shi ne yaron da ke maƙale a ƙofa yana kiran fasinja, yana karɓar kuɗi, direba yana daka masa tsawa. Saboda haka duk Bahaushen da ya shiga jirgin ƙasa mai dogon zango a Amurka, sai ya sake koyon kalmar daga tushe. A can kwandasta ne shugaban jirgi. Direba, wanda suke kira injiniya, ba ya sakin birki a tasha sai ya ji muryar kwandasta ta oba-oba tana ba shi izini. Kwandasta na iya tsayar da jirgi, yana iya sauke fasinjan da ya gagara ya miƙa shi ga 'yan sanda a tasha ta gaba, kuma ƙa'idojin aiki sun sanya duk wani ma'aikaci da ke cikin jirgin a ƙarƙashin umarninsa.

Sai dai wannan shugaba ba ya kai jirgin inda za shi. Bayan 'yan sa'o'i zai ɗauki jakarsa ya sauka, wani ya hau, shi ma ya sauka, wani ya karɓa. Waɗanda ke raka fasinja tun daga tashar farko har ta ƙarshe wasu mutane ne dabam, masu shimfiɗa gado da dafa abinci da wanke bayan gida, kuma ba su da ikon tsayar da komai. Wannan rabuwa tsakanin mai iko da mai sani ita ce ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin aikina na yau da kullum shi ne lura da ma'aikatan da ke nesa da idona, kuma ban ga inda matsalar ta fito fili kamar a cikin jirgi ba.

Rukuni biyu a jirgi ɗaya

Bari mu ɗauki jirgi guda mu bi shi. California Zephyr na kamfanin Amtrak yana tashi daga Shikago kullum da rana, ya ratsa jihohi bakwai, ya haye duwatsun Rocky da na Sierra Nevada, ya tsaya a Emeryville kusa da San Francisco bayan kimanin sa'o'i 52. Tazarar ta haura kilomita 3,900, wato fiye da ninki uku na layin dogon da ya haɗa Legas da Kano. Fasinja na kwana biyu a ciki, agogonsa kuma na ja baya sau biyu.

Ma'aikatan jirgin sun kasu gida biyu, kowane gida da shugabanninsa a ƙasa, da ƙungiyoyinsa na ƙwadago, da ƙa'idojinsa. Gida na farko su ne masu tafiyar da jirgi: injiniya a kan jirgi, da kwandasta da mataimakinsa a cikin taragai. Gida na biyu su ne masu hidima: mai kula da kowane taragon kwana, masu kula da taragan zama, kuku da mataimakinsa, masu kai abinci tebur, da shugaban taragon abinci wanda kuɗin ciniki da lissafin kaya ke wuyansa, sai mai sayar da shayi da kayan maƙulashe a taragon shaƙatawa.

Akwai kuma na uku wanda fasinja ba ya taɓa gani, alhali shi ke da kalmar ƙarshe a kan motsin jirgin. Amtrak, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, 1971, bai mallaki mafi yawan layin da jiragensa masu dogon zango ke bi ba. Daga Shikago zuwa Denver, Zephyr na tafiya a kan layin kamfanin BNSF. Daga Denver zuwa yamma kuwa a kan na Union Pacific. Masu ba da hanya na waɗannan kamfanonin dakon kaya suna zaune gaban allon kwamfuta, na BNSF a Fort Worth ta jihar Texas, na Union Pacific a Omaha. Su ke cewa wannan jirgi ya wuce, wancan ya rakuɓe a layin gefe ya jira. Idan jirgi ya tsaya cak a tsakiyar sahara na tsawon minti arba'in, fasinjoji suna hararar kwandasta, sau da yawa shi ma jira yake yi kamar kowa.

Na bi wannan jirgi sau ɗaya da kaka, daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya fara nuna mini girman kwandasta shi ne shiga Denver. Tashar birnin ba ta ɓullewa, don haka jirgi da baya yake shigarta. Injiniya na can gaba, ba ya ganin inda taragon ƙarshe ya nufa. Sai kwandasta ya tsaya a ƙofar baya, hannu ɗaya riƙe da oba-oba, ɗayan a kan bututun birki, yana ƙirga wa injiniya tazarar da ta rage da tsawon tarago: biyar, uku, biyu, ɗaya. A cikin waɗannan mintoci, ɗaruruwan mutane da ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan tan suna tafiya ne bisa idon mutum guda da amincewar wani da maganarsa.

Dokokin da jini ya rubuta

Me ya sa mutum mai irin wannan matsayi ba ya ƙarasa tafiya? Amsar na cikin doka. Tun 1907 majalisar dokokin Amurka ta kayyade wa masu tafiyar da jirgi sa'o'i 16 na aiki a jere, domin gyangyaɗi a bakin aiki ya riga ya ci rayuka da dama. Gyaran da aka yi wa dokar a 1969 ya sauko da adadin zuwa 14, sannan zuwa 12, inda yake har yau. Idan sa'a ta goma sha biyu ta cika, dole jirgi ya tsaya, ko da a dokar daji ne, sai an kawo wasu a mota sun karɓa. Kazalika ba a yarda injiniya ko kwandasta ya yi aiki a kan zangon da bai ƙware a kansa ba: sai ya san kowace kwana, kowane gangare, da inda kowace danja take. Shi ya sa aka yanka hanyar gunduwa-gunduwa, ake sauya su a garuruwa irin su Denver, Grand Junction, Salt Lake City da Reno.

Sa idon da ake yi wa wannan rukuni mai tsanani ne, kuma kusan kowane tanadi a cikinsa yana da hatsarin da ya haife shi. Ranar 4 ga Janairu, 1987, a Chase ta jihar Maryland, wasu kawunan jirgi na kamfanin Conrail suka keta danjar tsayawa suka shiga gaban jirgin Amtrak mai gudu. Mutum 16 suka mutu, gwaji kuma ya nuna cewa ma'aikatan Conrail ɗin sun sha wiwi. Daga nan ne gwajin ƙwaya na ba-zata da lasisin tuƙi na tarayya ga injiniyoyi suka samo asali. A Satumbar 2008, a Chatsworth ta Kalifoniya, wani injiniya da ke aika saƙonni ta waya ya wuce jar danja, jirginsa ya yi taho-mu-gama da na kaya, mutum 25 suka rasu. Ba a yi wata biyu ba aka sanya hannu kan dokar da ta wajabta na'urar da ke taka birki da kanta idan injiniya ya wuce ƙa'ida, ko da yake sai a ƙarshen 2020 aka kammala girka ta. Ban da wannan, akwai na'urar da ke naɗar gudu da birki da busa, akwai kuma manajojin da doka ta tilasta musu su riƙa gwada ma'aikata ba tare da sanarwa ba: su laɓe a gefen layi da na'urar auna gudu, ko su kafa alamar tsayawa su ga ko za a tsaya.

Duk wannan mai yiwuwa ne domin aikin na ƙirguwa. Gudu lamba ne, danja ko an tsaya ko ba a tsaya ba. Manajan da ke ofis a wata jiha zai iya buɗe bayanan na'ura ya san abin da injiniya ya yi da ƙarfe uku na dare a tsakiyar Nevada.

Masu kwana a jirgi

Aikin rukuni na biyu ba ya ƙirguwa haka, kuma dokar sa'o'i 12 ba ta shafe su ba. Masu hidimar Zephyr daga Shikago suke hawa, su yi kwana biyu a hanya, su kwana ɗaya a Kalifoniya, su juyo da jirgin washegari. Kwana shida ke nan kafin su ga gida. Taragon kwana mai hawa biyu yana da ɗakuna 21, kuma mutum ɗaya ke kula da shi: ya mayar da kujeru gadaje da dare, ya mayar da su kujeru da safe, ya dafa gahawa tun asuba, ya tsaftace bayan gida da wurin wanka, ya buɗe ƙofa a tasha, ya ɗauki kaya, ya kai wa marasa ƙarfi abinci har ɗaki. Barcinsa 'yan sa'o'i ne a ɗan ɗakin da aka ware masa, kuma ƙararrawar kira na kusa da kunnensa.

Wadda ta kula da taragonmu mace ce da za ta kai shekara hamsin. Kafin mu haye kogin Mississippi ta san sunan kowa. Ta san cewa dattijon da ke hawan ƙasa yana da allurar ciwon suga da ke buƙatar ƙanƙara, kuma ƙafarsa ba ta hawa matakala. Ta san wanda zai sauka a Elko da tsakar dare, wanda tilas a tashe shi domin jirgin ba ya daɗewa a can. Ta san ma'auratan da ba sa ga maciji da juna tun Iowa, ta kuma san cewa ƙofar ɗaya daga cikin bayan gidan tana cijewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a tikiti.

A Grand Junction, inda jirgi ke ɗan jimawa, na ga abin da har yau nake tunawa. Sabon kwandasta ya iso da jakarsa, ya gama magana da wanda zai sauka a kan abin da ya shafi layi da takardun umarni. Da ya zo wucewa ta gaban taragonmu, sai matar ta tare shi, ta nuna masa tagar dattijon, ta faɗa masa halin da yake ciki da inda za a fi saurin samun asibiti idan jikinsa ya rikice da dare. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a bayan takardarsa, ya wuce. Daga baya na tambaye ta ko haka ƙa'ida ta ce a yi, sai ta ce ita dai haka ta saba, domin shi ne mai oba-oba, ita ce ta san mutanen.

A nan gaɓar take. Mai ikon kiran motar asibiti ta tari jirgi a mararraba bai san dattijon ba, wadda ta san shi kuma ba ta da ikon. Abin da ya haɗa su a ranar shi ne halin mutum biyu. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan tsari, mai ɗaki dabam, mai riƙe da makulli dabam.

Gadon Pullman

Wannan rabuwa tsohuwa ce, ta girmi Amtrak da kusan ƙarni guda. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, George Pullman ya gina kasuwancin taragan kwana waɗanda yake haɗawa da jiragen wasu kamfanoni. Taragon nasa ne, ma'aikatan ciki nasa ne, jirgin da layin kuwa na wasu. Don haka jirgi ɗaya kan ɗauki kwandasta biyu: na kamfanin layin dogo mai iko da tafiya, da na Pullman mai iko da taragan kwana. Masu hidimar kuwa baƙaƙen fata ne, da yawa daga cikin na farkonsu bayi ne da aka 'yanta, kuma har kamfanin ya zama wanda ya fi kowa ɗaukar baƙaƙen fata aiki a ƙasar, ba a ɗaga su zuwa kujerar kwandasta. Akan bar wa mai hidima aikin kwandasta a wasu hanyoyi, amma ba a ba shi albashin kwandasta.

Yadda Pullman ya warware matsalar sa ido daga nesa shi ne tsoro. Akwai littafin ƙa'idoji mai kauri da ya fayyace har yadda ake ninke zanen gado. Akwai 'yan leƙen asiri da ke sayen tikiti su shiga a matsayin fasinja, su rubuta rahoto. Rahoto ɗaya na iya raba mutum da aikinsa. Tawul ko kofin da ya ɓata, daga albashinsa ake cirewa. Kafin ya sami cikakken albashin wata sai ya yi sa'o'i 400 ko tafiyar mil 11,000, ya sayi kayan sarki da man goge takalma da kuɗinsa, ya dogara da tukuici, ya saci barci a kan kujerar ɗakin shan taba. Fasinjoji da yawa ba sa ma tambayar sunansa, sai su kira shi George, sunan mai kamfani.

Tsarin ya samar da hidimar da duniya ta yi ta yabo, kuma wannan ne ya sa yake da haɗari ga duk mai shugabantar mutane, domin daga kujerar fasinja yana kama da nasara. Kuɗin nasarar a jikin ma'aikata aka cire shi. A watan Agustan 1925 suka kafa ƙungiyarsu a Harlem, suka ɗora A. Philip Randolph a kai, mutumin da ba ma'aikacin Pullman ba ne, don haka kamfanin ba shi da yadda zai kore shi. Shekara 12 aka kwashe ana ja-in-ja kafin a sa hannu kan yarjejeniya a 1937, wadda ta sauko da sa'o'in wata zuwa 240 ta kuma ƙara albashi. Daga cikin 'yan wannan ƙungiya akwai E. D. Nixon, wanda ya yi belin Rosa Parks a Montgomery a Disambar 1955. Kamfanin Pullman ya daina gudanar da taragan kwana a ƙarshen 1968, amma layin da ya ja tsakanin masu tafiyar da jirgi da masu hidima yana nan inda ya bar shi.

Shugaba mai raka tafiya

Hanya ta biyu ita ce a sa wa masu hidima shugaba wanda zai hau tare da su ya sauka tare da su. Amtrak ya taɓa yin haka: na tsawon shekaru, jiragensa masu dogon zango suna ɗauke da shugaban hidimar cikin jirgi, wanda fasinja mai ƙorafi zai nema, wanda kuma zai raba gardama tsakanin kuku da mai kula da tarago. Daga baya aka janye muƙamin daga mafi yawan jiragen, aka koma ga manajojin da ke zaune a tashar da ma'aikata ke tashi, masu hawa jirgi lokaci-lokaci, da kuma takardun jin ra'ayin fasinja. A takarda, kwandasta ne ya gaji nauyin. A aikace, mutumin da hankalinsa ke kan danja da oba-oba, wanda zai sauka nan da sa'a shida, wanda kuma ba shi ke rubuta wa mai hidima rahoton ƙarin girma ba, da wuya ya tsoma baki a kan abin da bai kai hatsari ba.

Rasha ta riƙe wannan hanya ta biyu da hannu biyu. Jirgin Rossiya da ke tafiya daga Mosko zuwa Vladivostok, kusan kilomita 9,300 cikin kimanin mako guda, yana sauya direbobi a hanya kamar kowane jirgi. Amma a cikin taragai akwai shugaban jirgi, da ofishinsa a wani tarago na tsakiya, wanda ke raka tafiyar zuwa da dawowa. Kowane tarago na da masu kula biyu, galibi mata, suna karɓa-karɓa: ɗaya na barci, ɗaya na duba tikiti da fasfo a ƙofa, tana lura da tukunyar ruwan zafi, tana raba zannuwa da shayi. Duk suna amsa wa shugaban jirgi, shi kuma yana amsa wa ofis. Indiya ma ta ga giɓin: a 2018 hukumar jiragen ƙasarta ta fito da muƙamin kyaftin ɗin jirgi, wato babban mai duba tikiti da aka ɗora wa haɗa kan dukkan ma'aikatan ciki, ana kuma sanar da fasinjoji sunansa da lambar wayarsa.

Wannan hanya ma tana da nata ciwon. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Shugaban da ke cin abinci da mutanensa mako biyu a jere, yana jin minsharinsu, yana sanin bashin da ke kansu, zai yi wuya ya rubuta sunan ɗayansu a rahoto. Wani lokaci ma abin kan zarce sassauci ya zama haɗin baki. A Rasha fasinjan da ya hau ba tikiti zomo ake kiransa, kuma ɗaukar zomaye a karɓi kuɗi a aljihu tsohuwar sana'a ce a jiragen zamanin Tarayyar Sobiyet da bayanta. Shi ya sa har da shugaban jirgi a ciki, akwai masu bincike da kan hau ba sanarwa a wata tashar tsakiya. Wato shugaba mai raka tafiya bai kawar da buƙatar ido daga waje ba. Abin da ya yi shi ne samar da wanda za a tambaya idan idon ya ga ɓarna.

Ranar da tsari ke fuskantar jarrabawa

A ranar da komai ke tafiya daidai, duk waɗannan tsare-tsare kusan ɗaya suke a idon fasinja. Bambancin na fitowa ne idan jirgi ya tsaya inda babu tasha. A Janairun 2023, jirgin Auto Train da ke ɗaukar mutane da motocinsu daga Virginia zuwa Florida cikin kimanin sa'o'i 17 ya shafe sa'o'i 37. Jirgin kaya ne ya kauce a gabansa, aka karkatar da shi wata hanya, sa'o'in masu tafiyar da shi suka cika a karkarar South Carolina, dole aka jira waɗanda suka san wannan zangon. Dokar ta yi aikinta, babu wanda ya tuƙa jirgi cikin gyangyaɗi. Amma fasinjoji fiye da 500 sun rasa mai gamsar da su, har wasu suka riƙa kiran 'yan sanda, aka kai ga yin shela ta lasifika ana roƙonsu su daina, ana tabbatar musu cewa ba garkuwa aka yi da su ba.

A Fabrairun 2019 kuma jirgin Coast Starlight ya bugi itacen da dusar ƙanƙara ta kayar kusa da Oakridge ta jihar Oregon, ya maƙale kimanin kwana ɗaya da rabi da fasinja 183. An bar mutane a ciki domin jirgin na da wuta da ɗumi, garin kuwa ba shi da lantarki. A tsawon wannan lokaci ƙwarewar tuƙi ba ta da amfanin komai. Abin da ake buƙata shi ne a raba abincin da ya rage yadda zai kai, a hana bayan gida toshewa, a samo wa jarirai ƙunzugu, a kwantar da hankalin mai ciwo. Da aka janyo jirgin zuwa Eugene, fasinjoji da dama ma'aikatan cikin jirgin suka yi ta yaba wa. Aikin da babu na'urar da ke naɗarsa shi ne ya riƙe mutane.

Abin da na ɗauko

Ba na jin akwai tsarin da ya kuɓuta daga aibi, amma ina da matsayi. Na fi gamsuwa da tsarin da ke sa mutum guda, mai suna da fuska, ya raka aiki daga farkonsa zuwa ƙarshensa, a ba shi ikon yanke ƙananan hukunci nan take, a kuma binciki shi kansa lokaci-lokaci, bincike bayyananne wanda kowa ya san ana yin sa. Hanyar 'yan leƙen asiri na koya wa ma'aikaci ya ɓoye matsala, alhali abin da mai lura daga nesa ya fi buƙata shi ne labarin matsala tun tana ƙarama. Hanyar dogaro da halin kirki kaɗai kuma tana aiki ne har ranar da aka sami ma'aikacin da ya gaji, ko sabo, ko mai fushi.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa suna da nasu jirgin: ɗakin marasa lafiya bayan likita ya tafi gida, makarantar kwana bayan sallar isha'i, reshen banki a ƙaramar hukuma mai nisa, ayarin motocin kaya a kan hanya. A kowannensu akwai mai sa hannu wanda ke zuwa ya tafi, akwai kuma mai zama wanda ya san komai amma ba a tambayarsa. A wurin aikina, abin da na roƙa aka ƙara a takardar miƙa aiki layi biyu ne kacal: wane ne ke buƙatar kulawa ta musamman a daren nan, kuma wane ne ya faɗa. Layi na biyun ya fi na farko jawo gardama, domin yana nufin sunan mai shara ko mai gadi zai shiga takardar da a da manya kaɗai ke cikinta. An yi wata uku ana muhawara kafin a amince, kuma har yanzu akwai rassan da ke barin layin babu komai. Su nake fara ziyarta idan na fita zagaye.